Yadda Za Ka Komo Da Wasiƙunka In Kwamfuta Ta Tsaya

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka aike mu koyarwar gwaji, wani abu ya same ni wanda nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarinsa. Wata rana da dare ina cikin rubuta wa malamin da ke duba aikinmu wasiƙar imel, sai wuta ta ɗauke, batirin kwamfutata kuwa ya daɗe da mutuwa. Da gari ya waye na buɗe manhajar wasiƙu, sai ta tambaye ni sunana da adireshina, kamar ba ta taɓa sanina ba. Asusuna biyu babu, wasiƙun shekara uku babu, har da tsarin darussan da malam ya gyara mini. Ga shi kuwa saura kwana huɗu ya zo ya ga aikina. Gabana ya faɗi ƙwarai. Amma kafin la'asar kome ya komo, gama ashe ba abin da ya ɓata.

Ga dalili. Manhaja dabam, wasiƙu dabam. In rajistar aji ta faɗa ruwa, yara ba su ɓata ba, suna nan zaune bisa bencinsu, sunayensu ne kawai za a sāke rubutawa. Bari mu ɗauki Thunderbird misali, wadda Mozilla ta fitar a shekarar 2004, gama kyauta ce, da yawa cikinmu kuma da ita muke aiki. Tana ajiye dukan kayan mutum cikin jaka guda. A cikin jakar akwai wani ɗan fayil mai suna prefs.js, shi ne rajista, watau a nan aka rubuta asusunka duka. Wasiƙun kansu kuwa suna cikin jakunkuna biyu, Mail da ImapMail. In wuta ta ɗauke daidai lokacin da manhaja ke rubutu cikin prefs.js, sai ya lalace, ita kuma ta ɗauka kai baƙo ne.

To, in wannan ya same ka, ga abin da za ka yi.

Na fari, kada ka yi garaje. Rufe manhajar. A kan Windows danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %APPDATA%\Thunderbird, jakar za ta buɗe. Kwafe ta dukanta ka sa a filash tun ba ka taɓa kome ba. In ka yi kuskure daga baya, kana da wurin komawa.

Na biyu, shiga jakar Profiles ka duba. Wani lokaci za ka tarar da jaka biyu ko uku, domin manhajar ta ɓace hanya ta buɗe sabuwa wadda ba kome ciki. Wadda ta fi nauyi ita ce taka ta dā. Sāke danna Windows da R, rubuta thunderbird -P, za a nuna maka sunayensu ka zaɓi tsohuwar.

Na uku, in prefs.js ne ya lalace, sai ka sāke shigar da asusunka da kalmar sirrinka. A nan lalle ka san irin asusun da kake da shi, gama iri biyu ne. Akwai IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙago a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986. Shi wannan, wasiƙu suna zaune can wurin masu ba ka adireshi, abin da ke kwamfutarka kwafi ne, saboda haka da ka shigar da asusu za su sauko da kansu. Akwai kuma POP, wanda ke sauko da wasiƙu kwamfutarka, sau da yawa kuma yakan share su daga can. Mai POP shi ne ya fi shiga hatsari. Nawa ɗaya irin wannan ne. Maganinsa, ka rufe manhajar, ka nemi fayilolin Inbox da Sent cikin tsohuwar jakar Mail, ka sāke musu suna domin kada su danne sababbi, ka sa su cikin Local Folders. Da ka buɗe za ka gan su.

Na huɗu, in asusu yana nan amma wasiƙu ba su bayyana ba, laifin ƙananan fayiloli ne masu ƙarewa da .msf. Su jerin sunaye ne kawai, ba wasiƙu ba. In ka share su bayan ka rufe manhajar, za ta rubuta sababbi. Mai aiki da Outlook irin na dā kuwa, wasiƙunsa na POP suna cikin fayil mai ƙarewa da .pst, akwai kuma abin gyara shi mai suna scanpst.

Amma rigakafi ya fi magani. Kowane ƙarshen mako rufe manhajar, ka kwafe jakar nan dukanta, ka rubuta kwanan wata a jikin kwafin. Kada ka ajiye shi cikin kwamfutar kanta, gama in rumbu ya ci wuta, hatsin da ke ciki duka ya tafi. Kada kuma ka ce kai mai IMAP ne ba ruwanka, domin wasiƙar da ka share a nan, can ma ta tafi. Abu ɗaya kuma: kalmomin sirrinka suna cikin jakar nan, saboda haka filashin ajiya ba na ba da aro ba ne.

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za a ba mu aji, sakamakon jarrabawar yara da wasiƙun iyayensu za su zama amana a hannunmu. Na ba ku labarina domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Aikin bai fi minti biyar ba. Ku fara ran Asabar mai zuwa.