Rumbun Kwamfuta: Darasi Daga Unguwar GRA Ta Maiduguri

Ran Talata 10 ga watan Satumba na shekarar 2024 ne mutanen Maiduguri, babban birnin Jihar Barno, suka wayi gari cikin ruwa, bayan da madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle. Rabon garin da ganin ambaliya irin wannan tun 1994. Ruwan ya ci Gwange da Bulabulin da Kasuwar Litinin, ya shiga fadar Mai Martaba Shehun Barno da Asibitin Koyarwa na Jami'a, har wani sashe na unguwar GRA bai tsira ba.

Bayan asarar rayuka da ta gidaje, akwai wata asarar da ba a cika maganarta ba, watau ta takardu: takardar mallakar fili, da ta shaidar makaranta, da ta fansho, da hotunan iyali. Mutane da yawa a zamanin nan sukan ɗauki hoton irin waɗannan takardu su zuba cikin kwamfuta, su ɗauka sun huta. Alhali kuwa in kwamfutar tana ƙarƙashin tebur a ɗakin da takardun suke, ruwan da ya ci wannan shi zai ci waccan.

Maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai. Mutumin da ke neman abincinsa a Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Fatakwal, shi ne wanda ake yi wa waya daga gida a ce yaro ya shiga Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Fasaha ta Ramat, yana bukatar kwamfuta. Sai ya tafi Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba ya saya, ya ba direba. Sau da yawa ba ya tambayar irin rumbun da ke cikinta, nan kuwa ake ajiye kome.

Rumbun kwamfuta iri biyu ne. Na farko shi ne tsohon yayi, faifai mai juyawa. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1956, faya-fayai 50 a jere, kowanne faɗinsa inci 24, amma duk abin da yake ɗauka bai kai hoto biyu na wayar zamani ba. Na yanzu kuwa, wanda bai wuce tafin hannu ba, yana ɗaukar terabait ɗaya ko fiye. A cikinsa faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, wata 'yar allura tana kai da kawowa a samansa tana neman abin da aka tambaya, kusan kamar garmaho. Yana da araha da yalwar wuri, sai dai nawa gare shi, kuma ba ya son faɗuwa ko girgiza.

Na biyu shi ne wanda ake kira SSD. Ba abin da ke motsi a cikinsa, danginsu ɗaya da katin ajiya na waya. Wani injiniyan kamfanin Toshiba na Japan, Fujio Masuoka, shi ya ƙirƙiro tushensa a shekarun 1980. A 1991 an sayar da mai megabait 20 kacal a kan kimanin dala 1,000. Inda faifai yake karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na gama-gari yana kai wa 550, wani irinsa da ake kira NVMe ma ya wuce 3,000.

To, da yake SSD ya fito da tsada, sai masana suka yi dabarar haɗa su biyu: a sa ƙaramin SSD a gaban babban faifai ya zama ma'ajin kusa. Duk ɗan tireda ya san wannan hikima. Sukari da ashana da sabulu, waɗanda ake tambaya kullum, suna kan tebur inda hannu zai kai, sauran kaya kuwa suna sito. Haka kwamfuta take lura da abin da mai ita ya fi buɗewa, ta ajiye kwafinsa a ma'ajin kusa. Kamfanin Seagate ya haɗa su cikin gwangwani ɗaya a 2010, Intel ya kawo tsarinsa mai suna Smart Response a 2011, wanda ke amfani da SSD har zuwa gigabait 64, Apple kuma ya biyo baya da Fusion Drive a 2012.

Amma fa a nan ne take, domin hanya biyu ake bi wajen rubuta sabon aiki. A ta farko, duk abin da aka rubuta yana shiga ma'ajin kusa da babban faifai a lokaci ɗaya, kamar yaron shagon da ke shigar da kowane ciniki cikin littafi nan take. A ta biyu kuwa, ma'ajin kusa ne yake karɓa ya riƙe, sai an sami sarari ya miƙa wa faifai, kamar yaron da ke tara kuɗi a aljihu ya ce zai rubuta an jima. Ta biyun ta fi sauri, amma in wani abu ya sami yaron kafin ya rubuta, lissafi ya rikice. A tsarin Intel, ta farko sunanta Enhanced, ta biyu Maximized. A ta biyun, in ƙaramin SSD ya mutu, ko aka cire shi ba bisa ƙa'ida ba, aikin da bai kai ga faifai ba ya tafi ke nan, har abin da ke kan faifan ma yana iya dagulewa.

Mutumin Maiduguri ya fi kowa sanin abin da zai sa a ji tsoron haka. A watan Janairu na 2021 'yan ta'adda suka fasa turakun babban layin wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya yi wata da watanni cikin duhu, sai janareta da hasken rana. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar wuta ta gas mai megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina wa garin. Duk da haka ɗaukewar wuta ba zato ba tsammani, da sauyawa daga layi zuwa janareta, abu ne da kowane gida ya saba da shi, har a GRA. Kowace ɗaukewa kuwa tana yanke kwamfutar tebur a tsakiyar rubutu. Saboda haka wanda kwamfutarsa ke da ma'ajin kusa, ya zaɓi hanya ta farko, kuma ya saya mata ƙaramin batirin riƙon ƙwarya da ake kira UPS, ko ya jona ta da inbata. Kwamfutar cinya tana da nata batirin, muddin bai mutu ba, na tokumbo da yawa kuwa da mataccen batiri suke zuwa.

Ko har yanzu dabarar tana da amfani? Farashin SSD ya sauko nesa da yadda yake a 2011, Intel ma ya ba da sanarwa a 2022 cewa zai nannaɗe harkar Optane, wani ma'ajin kusa da ya fito da shi a 2017. Ga mai kwamfutar gida, abin da ya fi sauƙi shi ne a raba musu aiki: a ɗora Windows da sauran manhajoji a kan SSD mai gigabait 256 ko 512, a bar faifai mai juyawa ga hotuna da finafinai da karatuttukan malamai. A tsofaffin kwamfutocin cinya, masu gyara sukan cire gurbin faifan DVD su sa rumbu na biyu a wurin. Ta haka in ɗaya ya lalace, ba zai ja ɗayan ba.

Sai kuma tattalin wuri. Kada mai saye ya yi faɗa da mai shago don ya ga rumbun da aka ce terabait ɗaya ne kwamfuta ta nuna gigabait 931, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows. Abin da ya kamata ya bincika shi ne lafiyar rumbun. Wata manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, tana nuna awa nawa rumbu ya yi yana aiki da ko ya fara ciwo. Wata kuma, H2testw, tana tona asirin jabun filasha wadda aka rubuta mata girman da ba ta da shi. Araha ba ta ado. Bugu da ƙari, kada a cika SSD maƙil, a bar masa ko da kashi ɗaya cikin goma, domin in ya cika nawa yake yi. A riƙa share bidiyon da aka kwafo sau biyu sau uku daga waya, a kunna Storage Sense na Windows ya dinga kwashe shara da kansa.

Zafi ma abin lura ne. A watan Afrilu zafin Maiduguri yana wuce digiri 40. Ƙa'idar ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta JEDEC ita ce, SSD na gida da ya ƙare ƙarfinsa ya iya riƙe abin da ke cikinsa shekara guda ba wuta a zafin digiri 30, in zafin ya ƙaru kuwa lokacin raguwa yake yi. Sabo yana jurewa fiye da haka, amma dai SSD ba abin da za a zuba wa takardu a jefa cikin akwati a manta ba ne. A riƙa jona shi lokaci lokaci, kuma da hunturu a kakkaɓe ƙurar da ke toshe wa kwamfuta hanyar iska.

In kuwa ruwa ya shiga kwamfuta, kada a kunna ta don a gani ko tana aiki. Kunnawar ce takan ƙarasa ta. A cire waya da batiri, a kai wa gwani ya zare rumbun.

Babbar maganar dai ita ce, ma'ajin kusa sauri yake ƙarawa, ba ya tsare wa kowa takarda. Masana suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kowane abu mai muhimmanci a yi masa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a ajiye shi nesa da gida. Google yana ba duk mai adireshin Gmail gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi takardun iyali guda. A nan ne kuma ɗan ci-rani ya fi kowa amfani ga danginsa, domin tsakanin Maiduguri da Ikko akwai fiye da kilomita 1,000, ruwa ɗaya ba zai ci garuruwan biyu dare ɗaya ba. Duk mai shirin zuwa gida da Salla, ya sa ƙaramin rumbu na waje cikin tsarabarsa, ya zauna da yaran gida a kwafe masa takardun fili da na makaranta da hotunan iyaye, ya komo da su Kudu ya adana. Baɗi in Allah ya kai rai, ya koma da shi a ƙara abin da ya samu.