Cayif ba lawashi ba ne, ba kuma maganin suga ba ne

Tun da girke-girken ƙasashen waje suka cika wayoyin mutane, wani ganye ya shiga bakin matan gida da masu sayar da abinci. Sunansa cayif, a Nijar da sauran ƙasashen da ke jin Faransanci kuma ana ce masa sibulet. Da wuya a nuna wainar ƙwai ko dafaffen dankalin Turawa ba ka ga an barbaɗa shi a kai daga ƙarshe ba. Daga nan zance ya yawaita. Wannan ta ce ai lawashi ne aka sake masa suna don a tsuga masa kuɗi, wancan ya ce maganin suga da hawan jini ne, wata kuma ta rantse furensa guba ne. A cikin maganganun nan akwai gaskiya, akwai rabinta, akwai kuma wadda za ta iya kai mutum ga kwanciya asibiti.

Cayif dai ba lawashi ba ne. Danginsu ɗaya da albasa da tafarnuwa, amma jinsinsa dabam. Lawashin da muke saye a kasuwa ganyen albasarmu ne ta yau da kullum, irin wadda ake nomawa a Aliero da Galmi. Shi kuwa cayif masana tsirrai na kiransa Allium schoenoprasum, sunan da Karl Liniyas ɗan ƙasar Suwidin ya ba shi a 1753. Ba ya yin kai babba irin na albasa, sai wasu 'yan kawuna sirara da ke manne da juna a ƙasa, ba kuma don su ake shuka shi ba. Ganyensa siriri ne kamar tsinken tsintsiya, da rami a cikinsa, tsayinsa santimita 30 zuwa 50. Albasa in ta ƙosa tuge ta ake yi, shi ke nan. Cayif kuwa in ka yanke shi sai ya sake tohowa, shekara da shekaru daga gindi ɗaya.

Duk da haka, mai cewa lawashi ne ba ta yi nisa da gaskiya ba idan aka zo bakin tukunya. Uwargida, in girki ya nemi cayif ba ki samu ba, kada ki fasa. Ki ɗauki ɗanyen lawashi mai laushi, ki cire koren samansa kawai, ki yanka shi ƙanana sosai, ki kuma rage yawansa domin ya fi cayif yaji da ƙarfin wari. Mutum goma su ci abincin, da wuya ɗaya ya gane bambanci. A ganina babu dalilin da zai sa a kashe kuɗin cefanen yini guda a kan ɗan ƙullin ganye alhali ɗan'uwansa na nan a kan tiren mai kayan miya.

Magana ta biyu ita ce tun da ɗan'uwan albasa ne, sai a fara soya shi a mai kamar yadda ake fara miya. Nan ne mutane da yawa ke yin asara. Ƙamshin duk dangin albasa daga wasu sinadarai masu ɗauke da farar wuta yake fitowa, kuma ba sa bayyana sai an yanka ko an daka ganyen, domin a lokacin ne abubuwa biyu da ke rabe a cikinsa ke haɗuwa. A cayif waɗannan sinadarai kaɗan ne, suna kuma saurin bin iska. Da ya ji wuta ta 'yan mintoci, ƙamshin ya tafi, koren ya dushe, sai ɓawo kawai ya rage a miya. Shi ya sa masu dafa abinci na Faransa, waɗanda ke haɗa shi da fasli da taragon a wainar ƙwai, ba sa saka shi sai girki ya kusa sauka ko ya riga ya sauka.

Ga yadda ake yi. A wanke shi, a bar ruwan ya tsane sarai. A tattara ganyen a hannu ɗaya kawunansu daidai, a riƙe su a saman farantin, a sa almakashi a riƙa datsewa ƙanana. Za ki ga 'yan zobba koraye na zuba a kan ƙwan, tururin abincin ya ɗago ƙamshin nan take. In wuƙa za a yi amfani da ita, to ta zama mai kaifi, domin dakusasshiya murje shi take yi, ya yi ruwa ya yi duhu a kan katako. Haka ake yi masa a dankali, da farfesun kifi bayan an zuba a kwano, da kwaɗon latas. Yana kuma shiga da kindirmo ko bota ƙwarai.

To me ya sa ake ganin mutanen Sin suna soya shi a wuta mai ƙarfi? Wancan wani ne dabam, Allium tuberosum. Ganyensa shimfiɗaɗɗe ne ba rami, furensa fari, warinsa na tafarnuwa. A Sin da Japan da Koriya kayan lambu ne sosai, ana soya shi da ƙwai ko nama, ana cusa shi a cikin ƙullin fulawa, kuma yana jure wuta. Akwai haɗari guda da ke tattare da shi wanda ba jita-jita ba ne: ganyensa ya yi kama da na furen dafodil, mai guba. A 2012 wasu 'yan asalin Sin a birnin Biristol na Ingila sun kamu da amai bayan sun sayi dafodil a kanti suka dafa a zaton wannan ganye ne, kuma a Japan irin wannan kuskure na faruwa a kai a kai. Duk ganyen da aka ce maka dangin albasa ne, ka murje shi ka shinshina. In ba warin albasa ko tafarnuwa, kada ya shiga tukunya.

Busasshen cayif na cikin kwalba kuma, wanda ake cewa daidai yake da ɗanye, ba daidai ba ne. Mun saba da gabu, inda ake daka ganyen albasa a dunƙule a shanya, ya ba miya ɗanɗano mai nauyi. Cayif ba shi da wannan ƙarfin, in ya bushe kusan launi kawai ke saura. Wadda ke son ajiye shi gara ta yanka ta sa a firiza.

Yanzu ga wadda ta fi damuna. Ana yaɗa cewa cayif na warkar da ciwon suga, yana saukar da hawan jini, yana kashe ciwon daji. Masu faɗin haka sukan kawo jerin sinadaran da ke cikinsa, kuma jerin ba ƙarya ba ne. Bisa alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka, giram 100 na ɗanyen cayif na ɗauke da kimanin miligiram 58 na bitamin C da maikirogiram 213 na bitamin K. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wa ke cin giram 100 na cayif a zama ɗaya? Babban cokali cike da yankakken ganyen giram 3 ne kacal, wato bitamin C ɗin da ke ciki bai kai miligiram 2 ba, alhali babban mutum na buƙatar 75 zuwa 90 a yini. Lemon zaƙi ɗaya ko gwaba ɗaya sun ninka shi sau da yawa.

Binciken da ake jingina wa kuwa, galibinsa a kan tafarnuwa da albasa aka yi shi, kuma mafi yawa lura ce da abin da jama'a ke ci, ba gwajin magani a kan marasa lafiya ba. Samun cewa masu yawan cin kayan lambu sun fi lafiya abu ne guda, cewa ganye kaza na warkar da cuta kaza wani abu ne dabam. Babu hukumar lafiya da ta amince da cayif a matsayin maganin suga ko hawan jini ko daji. Ina roƙon duk mai ɗayan waɗannan cututtuka, don Allah kada ya ajiye ƙwayoyinsa saboda saƙon da aka turo masa. Hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, kuma wanda ya bar magani wata biyu yana shan ruwan ganye, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda yake gayyata. Mai shan wafarin, maganin tsinka jini, shi ma ya kula: bitamin K na rage ƙarfin wannan magani, don haka ɗan barbaɗe a kan abinci ba komai, amma dama ganyen da yawa a sha kullum sai da sanin likita. Zancen cewa shuka cayif a tsakar gida na korar sauro shi ma ba abin dogaro ba ne. Ba zai maye gurbin gidan sauro ba.

Furensa ba guba ba ne. Dunƙulalle ne mai launin shuni-shuni, ana ɓare shi a watsa a kan kwaɗo, ƙudan zuma ma na son sa ƙwarai. Karan da ke ɗauke da furen ne ke da tauri, shi ake yarwa.

Wadda mutane ke ɗauka ƙarya ce kuma gaskiya ce, ita ce ta dabbobi. Cayif da albasa da tafarnuwa duk suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa da kare, ɗanye ko dafaffe. Alamar ba ta fitowa nan take, sai bayan kwanaki a ga dabbar ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, fitsarinta ya yi duhu. Shanu da dawaki ma na kamuwa in suka ci albasa da yawa, tumaki da awaki sun fi jurewa. Masu zuba wa shanu ragowar albasar da ta lalace a rumbu su riƙe wannan.

Akwai kuma labarin cewa matafiyin nan Marko Polo ne ya kai cayif Turai daga Sin, wannan ma ba haka ba ne. Shi ya koma Benis a 1295, cayif kuwa yana fitowa da kansa a dajin Turai da Asiya da Arewacin Amurka. Wajen shekara ta 800, wata dokar gonakin sarki Sharlaman ta lissafa tsirran da za a shuka a lambunansa, a ciki har da wanda masana ke fassarawa da cayif.

Cewa ba ya yi a Afirka ma ba haka ba ne, domin Kenya da Habasha na noma shi a tuddansu suna aika wa Turai. Sanyi yake so, don haka wuri kamar Jos ya fi dacewa da shi. A Kano ko Maraɗi sai a shuka shi a tukunya da shigowar hunturu, a kai shi inuwa in bazara ta kama, kada a bar ƙasar ta bushe. A nemi sabon iri, domin na dangin albasa ba ya daɗewa yake mutuwa. Wajen yanka a bar kamar santimita 5 daga ƙasa don ya sake tohowa, in gindin ya cunkushe bayan shekara uku a tono shi a raba.