The Devils: Fim ɗin da ya tono shari'ar limamin Loudun

Ranar 18 ga Agusta, 1634, jama'a suka yi cincirindo a dandalin Loudun da ke yammacin Faransa don ganin an ƙone Fada Urbain Grandier da ransa. Laifin da aka ɗora masa shi ne maita: wai shi ya tura wa sistocin ɗarikar Ursuline aljanu. Wannan shari'a ce daraktan Birtaniya Ken Russell ya mayar fim a 1971, mai suna The Devils, bisa littafin Aldous Huxley na 1952 da wasan kwaikwayon John Whiting.

Oliver Reed ne ya fito a matsayin Grandier, kuma fim ɗin bai wanke shi ba. Mutum ne mai girman kai da neman mata, ya tara maƙiya. Vanessa Redgrave ta fito a matsayin Sista Jeanne, shugabar gidan sistocin, wadda son limamin ya kama daga nesa. Da ya ƙi karɓar aikin zama malamin gidan nasu, sai ta ambaci sunansa a cikin sambatu.

Sai dai abin tsoro a fim ɗin ba aljanu ba ne, ma'aikatan hukuma ne. Kadinal Richelieu na neman karya ƙarfin garuruwa masu ganuwa domin mulki ya tattaru a fadar Sarki Louis na 13, Grandier kuwa ya tsaya kai da fata kan Loudun. Wakilin sarki, Laubardemont, wanda aka turo aikin rusau, ya gane cewa zargin sistocin zai yi masa abin da takardar umarni ta kasa. Nan da nan aka mayar da fitar da aljanu abin kallo a bainar jama'a, sistoci na ihu suna birgima, aka naɗa alƙalai, aka cika takardu. A shari'ar ta ainihi har an gabatar da wata takardar yarjejeniya da aka ce Grandier da shaiɗanu sun sa wa hannu, kotu kuma ta karɓa.

An farfasa masa ƙafafu don ya amsa laifi. Bai amsa ba.

Russell ya wuce gona da iri wajen tsiraici da taɓa alamomin addini, har wani lokaci hayaniyar kan binne hujjarsa. Hukumar tace fina-finan Birtaniya da kamfanin Warner Bros. sun datse sassa, wasu ƙasashe suka hana nuna shi. Amma farar ganuwar da Derek Jarman ya tsara, wadda ake rusawa yayin da wuta ke cin limamin, tana daɗewa a zuciyar mai kallo.

Sista Jeanne ta gaskiya kuwa ba a hukunta ta ba. A 1638 ta zaga Faransa ana tarbarta kamar waliyyiya, har Richelieu ya karɓi baƙuncinta.