Ƙaramin Harafin Da Ke Raba Fam Na Zinariya Da Ɗan'uwansa

Fam na zinariya na Ingila, wanda Turawa ke kira sabarin, Larabawa kuma junaihi, nauyinsa ɗaya ne ko'ina aka buga shi: giram 7.98, zinariya mai karat 22. To, amma a wurin masu tara tsofaffin kuɗi, wani da kaɗan ya ɗara farashin zinariyar jikinsa, wani kuwa ya kan sayi gida. Bambancin yana ga wani ɗan harafi, wanda sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa sosai.

Asalin al'amarin shi ne gano zinariya da aka yi a Ostareliya cikin 1851. Kai ta Landan a jirgin ruwa ya kan ci watanni, ga tsada ga haɗari. Don haka gwamnatin Ingila ta yarda a buɗe reshen gidan buga kuɗinta a Sidni cikin 1855. Da fari ba a amince wa reshen ya yi amfani da zanen Ingila ba, sai aka ba shi nasa mai ɗauke da sunan Ostareliya. Waɗannan na farko haskensu ya fi na Landan, domin da azurfa aka gauraya su maimakon jan ƙarfe. Sai a 1871 Sidni ta fara buga irin na Ingila sak, da harafin S a jiki.

Daga nan Melbon ta biyo da M a 1872, Fas ta yammacin Ostareliya da P a 1899, Otawa ta Kanada da C a 1908, sannan Firitoriya ta Afirka ta Kudu da SA a 1923. Reshen Bombai kuwa shekara ɗaya tak ya buga, watau 1918, da harafin I. Landan ba ta sa harafi. A yawancinsu, mai dubawa zai sami alamar a bayan kuɗin, ƙarƙashin kofaton dokin Jarumi Joji mai sarar dodo, a saman lambar shekara. A waɗansu na zamanin Sarauniya Bitoriya tana ƙarƙashin kanta.

Kada mai karatu ya ɗauka kowane mai harafi dukiya ne. Rassan Ostareliya sun buga miliyoyi, har na Bombai ma ya haura miliyan ɗaya. Abin nema shi ne shekarar da reshe ya buga kaɗan. Otawa guda 636 kurum ta fitar a 1908, Firitoriya kuma 406 a 1923. Na Otawa na 1916 an buga 6,111, amma 'yan gommai ne aka san suna nan. Sarkinsu duka shi ne na Sidni na 1920, wanda waɗanda suka tsira ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Firitoriya ce ta rufe babin rassan a 1932.

Alhazanmu ba baƙin wannan kuɗi ba ne, domin ya daɗe yana yawo a Hijaz, har gwamnatin ƙasar ta tsayar da shi a kan riyal 10 cikin 1928. Ƙaunar da ake yi masa a can ta jawo jabu, waɗanda aka riƙa bugawa a Beirut da Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya sa Landan ta koma buga shi da yawa a 1957. Wasu jabun zinariyarsu ta gaskiya ce, sai dai maƙerin ya kan haɗa harafi da shekarar da reshen bai buga kome ba, alal misali C da 1912.

Masana wannan sha'ani sun fi tsoron mai gyara da mai jabu. Fam ɗin da aka goge shi da toka don ya yi ƙyalli, ko aka huda shi, ko aka like masa kunne don rataya a sarƙa, darajarsa ta tarihi ta zube. Mai saye zai ɗora shi a ma'auni ne kawai, ya biya kuɗin giram, ko da kuwa harafin C ne a ƙarƙashin kofaton.