Koyon Karatu Ta Ido Da Kunne Da Hannu: Abin Da Bagwai Za Ta Amfana

Iyaye da yawa a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Bagwai sun san wannan abin takaici: yaro ya shekara uku ko huɗu a firamare, yana iya rera abacada tun daga farko har ƙarshe, amma in an rubuta masa "gero" a allo sai ya tsaya yana zare ido. Dalili kuwa shi ne ya haddace sunayen baƙaƙe, bai san amon da kowane baƙi yake wakilta ba.

Maganin da masana ilmi suka kawo shi ne a fara da amo. Malami ya furta "s", yara su ji, su ga siffarsa, su zana shi da yatsa a ƙasa, kana su karkaɗa hannu kamar tafiyar maciji. Watau ido da kunne da baki da hannu duk suna aiki tare, in ɗaya ya manta sauran su tuna masa. Daga nan sai haɗawa: g, e, r, o, ga "gero" ya fito.

Tsarin da ya fi shahara shi ne Jolly Phonics, wanda aka fara bugawa a Ingila cikin 1992 bisa aikin wata malama, Sue Lloyd. Ya kasa amon Turanci 42 kashi bakwai, kowane amo da motsinsa, kuma an horad da malamai a kansa a jihohin Nijeriya da dama. A Sakkwato da Bauci kuwa shirin Mu Karanta ya bi ta Hausa. Cikin 2019 aka soma shirin KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa, maƙwabciyar Bagwai, inda aka kasa yaran aji huɗu zuwa shida bisa iyawarsu, domin ceto waɗanda karatu ya wuce.

Dabarar ba baƙuwa ce ga ƙasar Hausa ba. Almajiri yakan fara da babbaƙu, sa'an nan farfaru, yana bin allo da yatsa yana ɗaga murya, ga kuma sunaye irin su "mim jaye" masu nuna siffar baƙi. Har ila yau rubutun boko na Hausa ya fi na Turanci sauƙi, gama galibi yadda aka rubuta haka ake faɗa. Sai dai wajibi ne malami ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ts haƙƙinsu, ya kuma lura cewa amon wasu baƙaƙe a Turanci dabam yake, don kada yara su ruɗe.

Wahalar tana wajen naci. Amo bisa amo ake ginawa, saboda haka yaron da aka tsare a gona da damina, ko a noman rani na madatsar ruwan Watari, yakan dawo ya tarar an yi masa nisa. Kayan aiki ba su da tsada: rairayi da tsakuwa da karan dawa sun isa. Abin da ya rage ga hukuma shi ne horad da malaman aji ɗaya, da barinsu a ajin, da zagayen masu duba makarantu a kai a kai. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.