Alkawarin da Ke Kai Wasiƙa da Murya Ƙetare

Duk wanda ya zauna a Birnin Kudu ko Gwaram lokacin aikin Hajji ya san yadda waya ke yawo hannu-hannu a tsakar gida idan alhaji ya bugo daga Makka, tsohuwa ta karɓa ta sa albarka, yara su yi ta rige-rigen gaisuwa. Amma ƙalilan ne cikinmu suka taɓa tambayar wane irin nizami ne ya sa muryar da ta taso daga wata daula mai sarautarta da dokokinta dabam take ƙetare Bahar Maliya, ba ta ɓace ba, ba ta faɗa gidan wani ba, har ta iske mai ita a gindin Dutsen Habude. Na'ura kaɗai ba ta isa ta yi wannan ba, sai da wani tsohon alkawari da ƙasashen duniya suka ƙulla a tsakaninsu, wanda Nijeriya ma ta sa hannu a kansa.

Aika saƙo dai ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi, domin tun zamanin Banu Umayya akwai diwanin baridi, mai dawaki da zango-zango a kan hanyoyin daula, kuma a ƙasarmu manzanni ne suka riƙa kai da kawo wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno suka yi muhawara da su. Illa iyaka, ikon manzo yana ƙarewa ne inda ikon sarkinsa ya ƙare. Da zarar ya tsallake iyaka sai ya koma neman alfarma. Turawa ma haka suka yi ta fama, kowace ƙasa da kuɗin da take yanka wa wasiƙar da ta ratsa ta, har ya zama mai aikawa ba ya sanin abin da zai biya sai an zauna an yi masa dogon lissafi. A ranar 9 ga Oktoba, 1874, wakilan ƙasashe 22 suka yi ittifaƙi a birnin Ban na Suwizalan a kan cewa, game da wasiƙa, za a ɗauki ƙasashensu duka tamkar ƙasa guda: kan sarkin da aka manna a inda wasiƙa ta taso ya wadatar, babu mai tare ta a hanya, kuma wajibi ne ƙasar da aka aika wa ta isar da ita kamar yadda take isar da ta 'ya'yanta. Wannan shi ne asalin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wato UPU, wadda a yau take da ƙasashe 192.

Akwai wata ƙa'ida tasu ta farko da ta cancanci a dakata a kanta. Sun amince kowace ƙasa ta riƙe kuɗin kan sarkin da ta sayar, bisa zaton cewa kowace wasiƙa tana jawo amsa, don haka nauyi zai daidaita da kansa. Zato ne mai kyau, sai dai bai yi wa matalautan ƙasashe adalci ba, tun da jaridu da littattafai da ƙunshin kaya suna kwararo musu ninkin abin da suke fitarwa, su kuwa suna rarrabawa kyauta. Sai a taron Tokiyo na 1969 aka yarda cewa ƙasar da ta fi aikawa ta biya wadda ta fi karɓa ladan rabo. Da a ce ƙasashen da abin ya dama ba su da kujera a majalisar, babu mai yi musu wannan gyara don Allah.

'Yar'uwar UPU kuwa, wato Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta girme ta, domin an kafa ta a Faris ranar 17 ga Mayu, 1865, saboda wayar tangarahu, kuma mazauninta yanzu Janiba. Ita ce ke raba lambobin kira, shi ya sa Nijeriya take da 234, Nijar 227, Saudiyya 966. Ita ce kuma ke kasafta zangunan iska da rediyo da talabijin da wayar salula da jiragen sama suke aiki da su, har da gurbin da kowane tauraron ɗan'adam zai tsaya a samaniya. Iska ba ta san shingen kwastan ba, kamar yadda mutanen Maigatari za su shaida, waɗanda wayoyinsu kan kamo sabis ɗin Nijar suna zaune a gida. In ba don an yi rabo an rubuta ba, da tashoshi sun haɗe sun zama hayaniya, kamar kasuwar da kowa ke shela lokaci guda.

A zamanin Turawa Ingila ce ke magana da yawunmu a waɗannan majalisu. Bayan samun mulkin kai, Nijeriya ta shiga duka biyun da sunanta a 1961, daga baya kuma ta shiga ƙungiyar gidajen wayar Afirka da aka kafa a Arusha ta Tanzaniya a 1980. Buƙatar haka a fili take, domin 'yan mulkin mallaka sun ja layukan waya ne zuwa biranensu, ta yadda kira tsakanin maƙwabta biyu, ɗaya rainon Ingila ɗaya rainon Faransa, yakan bi ta Landan da Faris kafin ya dawo, a biya kuɗin wannan zagaye duka. Afirka ta kuma ɗanɗana shugabanci: Hamadoun Touré na Mali ya jagoranci ITU daga 2007 zuwa 2014, Bishar Hussein na Kenya kuma ya riƙe UPU daga 2013 zuwa 2021.

To, amma fa kujera a Janiba ba ta kafa turken sadarwa a ƙauye. Mu'ahada tana kawo saƙo bakin iyaka ne kawai, abin da ya rage aikin 'yan gida ne, kuma a nan ne, a ganina, muke da rauni. A 2006 aka ƙulla yarjejeniya a Janiba cewa talabijin zai koma tsarin dijital kafin 17 ga Yuni, 2015. Wa'adin ya zo ya wuce ba mu cika ba, sai a 2016 aka fara gwaji a Jos. Tauraronmu na sadarwa na farko, wanda aka harba daga Sin a 2007, ya mutu a 2008, sai a ƙarshen 2011 aka maye gurbinsa. Gaskiya ne an ci nasara babba tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a 2001, lokacin da layukan ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Duk da haka, har yau akwai ƙauyuka a kudancin Jigawa inda sai mutum ya hau tudu yana ɗaga waya sama kafin ya samu sabis, gidan waya kuwa, wanda dattawa suka sani da layin masu karɓar wasiƙa da masu aika kuɗi, yaran yanzu da yawa ba su taɓa taka ƙofarsa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zamanin gidan waya ya shuɗe. Wasiƙar gaisuwa ta ragu, hakika, amma ƙunshin kaya ƙaruwa yake yi a duniya saboda ciniki ta intanet, kuma mai ɗinkin hula ko mai sana'ar fata da ya samu mai saye a Jidda ko Akara, wannan alkawari na 1874 shi ne hanyarsa mafi sauƙi, matuƙar akwai ofishi mai rai kusa da shi da adireshi tabbatacce. Haka nan dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC domin kai sabis karkarar da kamfanoni ba sa hango riba a cikinta. Saboda haka muna kira ga wakilanmu na Birnin Kudu da Gwaram a majalisun Dutse da Abuja, da hakimai da dagatai, su tattara sunayen garuruwan da ba su da sabis ko gidan waya mai aiki, su miƙa wa NCC da hukumar gidajen waya ta NIPOST a rubuce, su kuma riƙa bibiya har a ba su amsa.