Gyara kayanka ko sauke mu raba: kalmomin Ingilishi huɗu da ya kamata a sani

Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina da Kano, ko ta Damagaram zuwa Daura, da ma'aikacin da takardun Bankin Duniya ke biyowa ta teburinsa, duk sun sha cin karo da wasu kalmomin Ingilishi da masu fassara kan haɗa su a kalma guda, wato gyara. Kalmomin su ne adjust, amend, reform da adapt. Ga wanda ya yi lakkol ba baƙi ba ne, domin Ingilishi ya aro su ne daga Faransanci da Latin a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, shekarar da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi. Amma kowace da nauyinta, kuma rashin sanin wannan nauyi kan jawo asara.

A asalinta, adjust na nufin ɗan daidaitawa: a gyara sikeli ya tsaya daidai, direba ya karkata madubin mota, tela ya rage wuyan riga. Abin na nan yadda yake, an taɓa shi ne kaɗan. Da wannan kalma mai laushi aka raɗa wa shirin tsuke bakin aljihun da Bankin Duniya da asusun FMI suka shimfiɗa wa ƙasashen Afirka suna. Nijar ta shiga yarjejeniya da FMI a 1983, zamanin Seyni Kountché, bayan faɗuwar kuɗin uraniyom. A Najeriya, gwamnatin Janar Babangida ta fara nata shirin, mai suna SAP, a 1986. Naira wadda a 1985 ta ɗan ɗara dalar Amurka daraja, kafin ƙarshen 1987 sai an ba da wajen huɗu a karɓi dala guda. Ga shi kuma a Ingilishi akwai wata kalma sap mai nufin tsotse ƙarfin mutum, shi ya sa ƴan Najeriya suka ce sunan ya dace. A 1989 tarzoma ta ɓarke a biranensu saboda shirin.

Nijar ma ta ɗanɗana. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka kashe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai, suna zanga-zangar ƙin matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi. Ran 12 ga Janairu 1994 kuma aka wayi gari an karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Magani da kayan gyaran mota da duk abin da ke zuwa daga Turai suka yi tsada, albashin ma'aikaci bai bi su ba, yayin da masu fitar da dabbobi da albasa suka ɗan samu sarari. A takardun masana, wannan duka adjustment ne. Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a wannan karo ya zama.

Kalmar amend ta shafi rubutu ne: doka, tsarin mulki ko yarjejeniyar ciniki. Ana sauya aya ɗaya ko biyu, sauran kuwa suna nan da ƙarfinsu. Ɗan kasuwar da aka aiko wa takarda mai wannan kalma daga Legas, ya kamata ya ajiye ta kusa da tsohuwar, a karanta masa su biyun layi-layi, domin sau da yawa lamba ɗaya ce ko ranar biya aka taɓa, kuma da zarar ya sa hannu ta ɗaure shi.

Reform ta fi su girma, tana nufin sake fasalin abu tun daga tushe da niyyar inganta shi. Da sunan adjustment ya ɓaci a kunnen jama'a, FMI ya cire shi daga sunan asusun bashinsa na ƙasashe matalauta a 1999, ya sa rage talauci a madadinsa, gwamnatoci kuma suka koma ga reform. Da ita aka kira cire tallafin man fetur da Shugaba Tinubu ya sanar ran 29 ga Mayu 2023, da sakin naira a watan Yuni na shekarar. Ƴan ruwa-ruwa da ƴan canji na bakin iyaka sun ji ma'anarta a aljihu tun kafin a fassara musu.

Saura adapt, wadda ta fi kusa da maganar nan ta in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A nan galibi mai abin ne ke sauya dabara don ya dace da sabon hali. Yau an fi jin ta a maganar sauyin yanayi, kuma misalin da duniya ke yawan kawowa na Nijar ne. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi da ta Damagaram suka daina share gonakinsu ƙaƙaf, suna barin tohon gawo da sauran itatuwa su girma. Masana sun ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 suka farfaɗo ta haka, ba tare da dashe ba.

Saboda haka, duk lokacin da ɗaya daga cikin kalmomin nan ta fito a takarda ko a rediyo, bai kamata a tsaya ga kalmar gyara ba. Sai a tambayi mai fassara me za a taɓa, har ina taɓawar za ta kai, kuma aljihun wa zai biya.